Na'urorin sarrafa babur

Na'urorin sarrafa babur su ne sassan da mahayi ke taɓawa da hannu ko ƙafa don ya tayar da inji, ya ƙara wuta, ya sauya giya, ya tsaya ko ya ba da alama. Sun haɗa da totur, kuloci, giya, birki biyu, da maɓallan fitila, sigina da ham. A yawancin baburan yau totur da birkin gaba suna hannun dama, kuloci na hannun hagu, ƙafar hagu ke sa giya, ta dama kuma ke taka birkin baya. Hausawan Sudan, daga Mai Wurno da Sinnar zuwa Wad Madani, Gadarif da Kasala, kan gauraya sunayen Hausa da na Larabcin ƙasar idan suna wurin gyara: babur shi ne mootar, birki faramil, sarƙa jinzir, taya lastik, babban bakanike kuwa usta. Baƙon da ya zo daga Kano yakan ji mootar ya zaci mota mai ƙafa huɗu ake nufi.

Tarihi

Wannan tsari na hannu da ƙafa bai zo tare da babur ba, an fi shekara 80 ana gwaje-gwaje kafin a tsaya a kansa. Abin hawan da ake yawan ɗauka a matsayin babur na farko mai injin fetur shi ne wanda Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ƙera a Jamus a 1885, jikinsa na katako. A 1894 kamfanin Hildebrand & Wolfmüller na birnin Munich ya fara ƙera babur don sayarwa. Ba shi da kuloci, ba shi da giya: turawa ake yi da gudu har inji ya kama sannan a ɗare, idan an tsaya kuma inji ya mutu. Mahayan farkon ƙarni na 20 aiki ne jibge a hannunsu, domin akwai sandar fetur daban, ta iska daban, ta lokacin tartsatsin wuta daban, wasu baburan ma da hannu ake tura baƙin mai cikin inji ana cikin tafiya.

Abin da ya sauƙaƙa al'amarin shi ne wayar ƙarfe mai zirga-zirga cikin bututu mai lanƙwasuwa, wadda ake dangantawa da Ernest Bowden a wajajen 1896. Ita ce har yau ke jan totur da kuloci da birkin gaba a ƙananan babura, kuma yawancin saitin da za a ambata a ƙasa saitinta ne.

Giya ta daɗe tana hannu. A baburan Harley-Davidson na dā, sandar giya na gefen tanki, kuloci kuma da ƙafa ake taka shi. Sai a 1952 kamfanin ya fito da giyar ƙafa a manyan baburansa. Kamfanin Indian ya ɗora totur a hannun hagu. Ana cewa don 'yan sanda su samu hannun dama na harbi aka yi haka, wasu kuma na ganin labari ne da aka ƙaga daga baya. A Ingila, kamfanin Velocette ne ake ba wa yabon fito da giyar ƙafa mai komawa mazauninta bayan kowane taki, a ƙarshen shekarun 1920. Sai dai kamfanonin Ingila irin su BSA, Triumph da Norton a dama suka sa giya, birki a hagu, akasin yadda Japanawa suka saba. Wanda ya sauka daga wannan ya hau wancan yakan taka giya a lokacin da birki yake nema. Wata dokar Amurka da ta fara aiki a wajajen 1975 ta wajabta giya a hagu da birkin baya a dama, kuma da yake kasuwar babba ce, sauran masu ƙira suka bi.

Babura biyu na Honda sun yi tasiri sosai kan irin waɗanda ake hawa a ƙasashen Afirka. Super Cub ta 1958 ta zo da kuloci mai kama kansa, babu sanda a hannun hagu, kuma zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100. CG125 ta 1975 an tsara ta ne bayan injiniyoyin kamfanin sun zaga ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake loda wa babur kaya ana kuma jinkirta juyen mai. Injinta ne kamfanonin Sin da dama suka kwaikwaya. Birkin faifai ya shahara da CB750 a 1969, birkin ABS mai hana taya ƙullewa kuma BMW ce ta fara sa shi a babur a 1988.

Totur da kuloci

Kowace waya ana barin mata ɗan wasa, wato ratar da sanda ko mariƙi ke motsawa kafin waya ta fara ja. A totur, littattafan kamfanoni kan ba da milimita 2 zuwa 6. Ana murɗa shi a saki. Ya kamata ya koma da kansa nan take. A sake gwadawa bayan an karkata kan babur dama har ƙarshe, sannan hagu. Idan ƙarar inji ta tashi alhali ba a taɓa totur ba, waya ta ɗame ko an bi da ita ta inda bai dace ba, kuma wannan babur bai kamata ya hau titi ba sai an gyara.

Wasan kuloci yawanci milimita 10 zuwa 20 ne idan an auna a bakin sanda. Idan ya yi kaɗan, kuloci na zamewa: inji ya yi ta kuka, babur bai ja, farantan ciki na cinyewa. Idan ya yi yawa, giya ta riƙa shiga da ƙara, babur na neman tafiya ko da an matse sanda. Ana yin ƙaramin saiti da notin da ke gindin sanda, babba kuma a ƙasa kusa da inji. A nan gindin sandar ne waya ta fi tsinkewa, sili ɗaya bayan ɗaya, don haka duk wanda ya ga sili ya miƙe ya san kwananta sun ƙare.

Giya

Tsari biyu ne. A manyan babura giya ta ɗaya na ƙasa, firi na tsakaninta da ta biyu, sauran na sama. A ƙananan babura da yawa firi na ƙarshe ne, giyoyi duka gefe guda suke bi, sandar kuma na da wurin yatsu da wurin dunduniya. Wanda ya ari babur ya tambaya tukuna.

Birki

A busasshiyar kwalta birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, ana ƙiyasta kusan kashi 70 cikin 100, saboda nauyi na komawa kan tayar gaba da zarar an fara rage gudu. Duk da haka akwai mahaya masu yawa da ke tsoronsa, har su bar wayarsa ta saki ko ta yi tsatsa, suna cewa shi ke kayar da mutum. Tsoron na da tushe: a yashi ko taɓo, ko cikin kwana, fizgar birkin gaba na ɗauke taya. Amma laifin na fizga ne. Matsa shi ake yi sannu a ƙara ƙarfi, tare da na baya, kuma mahayin da ya jingine shi gaba ɗaya ya zubar da fiye da rabin birkinsa, abin da ba zai gane ba sai ranar da keken jaki ko raksha, wato babur mai ƙafa uku, ta gitta masa.

Birkin ganga, wanda ya fi yawa a ƙananan babura, da noti ake saita shi a ƙarshen waya ko ƙarshen sandar ƙarfe ta baya. Sandar hannu kan so wasan milimita 10 zuwa 20, ta ƙafa 20 zuwa 30. Bayan saiti a ɗaga taya a juya ta. Idan tana gogawa an matse da yawa, ganga za ta yi zafi birki ya mutu a hanya. A jikin murfin ganga akwai 'yar kibiya da alama. Idan sun haɗu lokacin da aka taka birki, abin da ke kama ganga a ciki ya cinye, ƙara ɗaure noti ba magani ba ne. Birkin faifai ba ya son saiti, mansa ake dubawa ta 'yar tagar da ke jikin kwanonsa. Man DOT 3 ko DOT 4 na shan danshi, shi ya sa ake sauya shi duk bayan kamar shekara 2. Sanda mai laushi kamar soso alamar iska ce a cikin bututu.

Sarƙa, taya da yanayin ƙasa

Usta kan sa yatsa a tsakiyar sarƙa ta ƙasa ya tura sama, ya juya taya kaɗan ya sake turawa, har sai ya samu inda ta fi ɗamewa, a nan yake aunawa. Yawancin ƙananan babura na son rata ta kimanin milimita 20 zuwa 30, amma kowane kamfani da adadinsa. Ana sassauta notin tsakiyar taya, a ja notocin gefe biyu daidai da juna bisa zanen da ke jiki, a ɗaure. Duk lokacin da aka ja sarƙa sai an sake saita birkin baya, domin taya ta matsa baya ta ja sandarsa. Wannan ne matakin da aka fi mantawa.

Littafi kan ce a shafa wa sarƙa mai duk bayan kilomita 500 ko kusa da haka. A Sudan wannan lissafin bai wadatar ba. Guguwar habub guda ɗaya na iya cika matatar iska da ƙura, ta kuma mayar da man sarƙa kamar dutsen wasa wuƙa, don haka wankewa ake fara yi kafin a shafa sabo. Matatar soso ana wanke ta a ɗan jiƙa da mai, ta takarda ba a sa mata ruwa. Da damina kuwa baƙar ƙasar Jazira da Gadarif ke zama matsala: laka ce mai danƙo, tana cushewa tsakanin taya da murfinta har ƙafar gaba ta daina juyawa, idan ta bushe a kan hannun birki kuma ta hana shi komawa.

Iskar taya da safe ake aunawa, kafin a yi tafiya. Zafin Mayu da Yuni, da kan wuce digiri 40, na ɗaga awo, kuma kuskure ne a sace iska daga taya mai zafi. Rage iska don shiga yashi na taimakawa, amma taya mai tub na fuskantar haɗarin tsinkewar bakin tub. Mahaya ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a hatimin DOT da ke gefen taya na nuna mako da shekarar ƙira.

Dubawa kafin hawa

Cibiyar horar da mahaya ta Amurka, MSF, wadda aka kafa a 1973, ta tattara dubawar cikin rukuni shida da take kira T-CLOCS: taya, na'urorin sarrafawa, fitilu, mai, gangar jiki da jak. Ba ya cin fiye da 'yan mintuna. Baƙin mai ana duba shi babur na tsaye sak a wuri mai baje. Wanda ya dace da kulocin da ke jiƙe cikin mai shi ne mai alamar JASO MA, domin wasu mayukan mota na sa shi zamewa. Fitilar birki dole ta kama da hannu, ta kuma kama da ƙafa. Jak ɗin gefe da igiyar ƙarfensa ta saki na iya saukowa ana cikin tafiya, ya daki ƙasa a kwanar hagu.

Madubi

Ana saita shi mahayi na zaune a inda zai yi tuƙi, ta yadda zai ga gefen kafaɗarsa kaɗan da hanyar da ke bayansa.