Waiwaye: Yadda Mutanen Karkarar Jojiya Suka Samu Kaso a Tashar Nukiliya ta Vogtle

A farkon shekarun 1930, kusan gona ɗaya cikin goma ce ke da wutar lantarki a karkarar Amurka, don kamfanoni sun ga jan waya zuwa ƙauye ba riba. A 1935 gwamnatin Roosevelt ta kafa hukumar kai wuta karkara, ta riƙa ba da rance, manoma kuma suka kakkafa ƙungiyoyin gama-kai. A irin wannan tsari, mai biyan kuɗin wuta shi ne mai ƙungiyar.

Sai dai sarin wuta suke yi daga manyan kamfanoni, farashin da aka yanka musu shi ke nan. Shi ya sa a 1974 ƙungiyoyi 39 na jihar Jojiya suka kafa Oglethorpe Power, babbar ƙungiyar gama-kai da za ta riƙa samar musu da wuta. An yi dace kamfanin Georgia Power na cikin matsin kuɗi, ga aikin nukiliya a gabansa, sai ya sayar musu da kashi 30 cikin ɗari na tashoshin Hatch da Vogtle. Rukuni biyu na farko na injinan nukiliya a Vogtle, kusa da garin Waynesboro, suka fara aiki a 1987 da 1989.

Rigimar ta taso ne kan ƙarin rukuni na 3 da na 4. An ƙiyasta dala biliyan 14, aka ƙare da sama da biliyan 30, ga jinkirin shekara bakwai. Westinghouse, mai zanen injinan, ya durƙushe a Maris 2017. Makwabciyarsu Karolina ta Kudu ta watsar da irin wannan aiki a shekarar, Jojiya ta ce sai ta ga abin da ya ture wa buzu naɗi.

A nan ne rabon ya nuna aibinsa. Ragamar gini tana hannun Georgia Power mai kashi 45.7, amma duk dalar da ta ƙaru, Oglethorpe na da nata kason na biya. Ita kuwa ba ta da masu hannun jari da za a ce su shanye asara, nauyin kan takardar kuɗin wutar magidanci yake sauka. A 2018 ta ja daga har aka amince Georgia Power ya ɗauki ƙarin nauyi idan kuɗi ya wuce wani mataki. Da aka zo lissafin matakin sai aka saɓa, ta kai ƙara kotu a 2022, suka sasanta a 2023.

Rukuni na 3 ya fara sayar da wuta a Yulin 2023, na 4 a Afrilun 2024.