Abu Mai Alfarma a Ilimin Zamantakewar Addini

A ilimin zamantakewar addini, abu mai alfarma shi ne duk abin da jama'a suka keɓe daga harkar yau da kullum, suka kewaye shi da hani. Masu wannan fanni ba sa yanke hukunci kan gaskiyar wata aƙida ko ƙaryarta, abin da suke bibiya shi ne yadda mutane ke mu'amala da abin da suke girmamawa.

Masanin Faransa Émile Durkheim (1858–1917) ne ya kafa wannan tunani a littafinsa na 1912 kan tushen rayuwar addini. Ya dogara da rahotannin Baldwin Spencer da Francis Gillen game da ƙabilar Arunta ta tsakiyar Ostareliya. A can kowane dangi na da kan gida, dabba ko tsiro, kuma ana zana alamarsa a kan wani dutse ko katako da ake kira churinga. Ana ɓoye shi, mata da yaran da ba a shigar da su cikin manya ba ba sa ganinsa. Dutsen kuwa bai bambanta da sauran duwatsu ba, sai dai zanen da girmamawar da ake yi masa. Daga nan Durkheim ya ce alfarmar daga jama'a take fitowa. Idan dangi suka taru don biki bayan sun daɗe a warwatse wajen neman abinci, sukan ji wani ƙarfi da ya fi na kowane ɗayansu, sai su jingina shi ga alamar.

Mai bincike yakan fara da tambayar hani: wa aka hana taɓawa, wa aka hana shiga, wane lokaci ne ba a aiki, wane wanka ko azumi ake yi kafin a kusanci abin, me ake yi wa wanda ya keta. Amsoshin su ke nuna iyakar alfarmar. Da wannan ma'auni tutar ƙasa da kabarin sojoji ma sukan shigo ciki, kamar yadda masanin zamantakewa Robert Bellah ya nuna game da Amurka a 1967.

Shi kuwa masanin addini Rudolf Otto na Jamus, a 1917, maimakon ya duba jama'a, ya bi ta abin da mutum ɗaya ke ji a zuciyarsa: tsoro da sha'awa a haɗe gaban abin da ya fi ƙarfin fahimta.

Raunin nazarin Durkheim ba ƙarami ba ne. Bai taɓa zuwa Ostareliya ba, kuma masana irin su Evans-Pritchard da Jack Goody sun nuna cewa al'ummomi da yawa ba sa raba duniya gida biyu, mai alfarma da na yau da kullum, kai tsaye kamar yadda ya yi. Abu guda kan zama mai alfarma yayin ibada, gobe a yi aikin gida da shi. Mai binciken da ya shiga fili da rabe-rabensa a hannu yakan tilasta wa mutane iyakar da ba tasu ba, shi ya sa ya kamata a fara da jin yadda su masu abin suke rarrabe shi.