Faifan CD ba ya dawwama

An daɗe ana cewa duk abin da aka ɗora a faifan CD ya zauna ke nan har abada, muddin faifan bai fashe ba. Maganar tana da tushe, domin faifan da kamfani ya buga yana da ƙarko. Amma CD-R, wanda ake ɗora wa hotuna da takardu daga kwamfuta, daban yake. A cikinsa akwai siririn shafen rini, hasken leza ke ƙona shi ɗigo-ɗigo ya rubuta bayanan. Rinin nan yana koɗewa, rana da zafi da laima kuma suna gaggauta hakan.

Abin da aka fi mantawa: bayanan sun fi kusa da saman faifan, inda ake rubuta suna. Karcen biro a wurin ya fi karcen ƙasan faifan ɓarna.

Gwadawa ba wuya. Ɗaga faifan saitin fitila. In haske na ratsowa ta ƙananan huji, ya soma lalacewa. Ganin sunayen fayiloli bai isa ba, sai an kwafe dukkansu zuwa kwamfuta an buɗe su. In sun buɗu, a ajiye kwafi na biyu a wani wurin.

Don Allah a tura wannan saƙo ga masu ajiye faifan hotunan biki a akwati.