Horar da ma'aikatan lafiya kan aiki tare

Horon haɗin gwiwa tsari ne na koyarwa inda ɗaliban fannoni biyu ko fiye, kamar likitanci, aikin jinya, ungozomanci da haɗa magunguna, suke karatu tare domin su san aikin juna, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa. Kusan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a 2010.

A Amurka, ƙungiyoyi shida na makarantun lafiya sun kafa wata gamayya mai suna IPEC a 2009 domin bunƙasa irin wannan horo. A 2011 gamayyar ta fitar da ginshiƙai huɗu da ake so ɗalibi ya laƙanta kafin ya kammala karatu: ɗa'ar aiki da mutunta juna, sanin inda aikin kowa ya fara da inda ya tsaya, iya isar da bayani, sai aiki a ƙungiyance. An sabunta su a 2016 da 2023.

A arewacin Kamaru ginshiƙi na uku ne ya fi wuya. Da Faransanci ake rubuta takardar asibiti a Garwa da Marwa, Fulatanci ake yi a kasuwa, ga kuma mara lafiya da Hausa ko Larabcin Shuwa kaɗai yake ji. Kafin koken ya kai kunnen likita, wani lokaci ya bi ta baki biyu. Akwai wata dabara da ake kira SBAR wadda ke rage asarar bayani lokacin miƙa aiki ko kiran likita da dare: nas ta faɗi halin da ake ciki yanzu, ta kawo tarihin ciwon, ta faɗi abin da take zato, sannan ta ce ga abin da take so a yi. Gaɓar ƙarshen ce ke da nauyi a baki, domin a al'adarmu ƙarami ba ya saurin ba babba shawara.

Batun iyakar aiki ma ya sha bamban da na Amurka. A ƙananan cibiyoyin lafiya na karkara galibi nas ne shugaba, babu likita. Shi ke duba mara lafiya, shi ke yanke shawarar tura shi asibitin gunduma. Akwai kuma mai jinya, ɗan'uwan da ke kwana kusa da gado, yana sayo magani yana kawo abinci. Ba ya cikin ma'aikata, amma sau da yawa shi ne farkon wanda ke lura cewa zazzaɓi ya dawo.