Daidaita lokacin sakin ƙwai a aladu kafin kwasar 'ya'yan tayi

Masu kiwo, wannan aiki lissafin awa ne. Aladiya takan nemi namiji duk kwana 21, amma kowacce da ranarta, kuma tayin da ake so a kwasa, wato ƙwan da ya haɗu da maniyyi ya fara girma, don a dasa shi a mahaifar wata aladiyar, dole ya kasance a mataki guda.

Kada a kwaikwayi tsarin shanu. Allurar prostaglandin, wadda ake yi wa shanu don su nemi namiji lokaci guda, ba ta kama aladiya sai bayan kwana 12 na zagayenta, don haka altrenogest, maganin da ke dakatar da neman namiji har sai an daina ba da shi, ake sa wa a abinci, miligiram 15 zuwa 20 kullum, kwana 14 zuwa 18, a sa'a guda. A nan aka fi yin ɓarna. Idan aka zuba musu a kwano ɗaya, mai ƙarfi ta ture rarrauna, wadda ta samu kaɗan sai ƙwanta ya ƙi fashewa, ya zama ƙulli mai ruwa. A ba kowacce nata, a tsaya har ta cinye. Maganin yana ratsa fata, don haka a sa safar hannu, matar da ke da juna biyu kuwa kada ta taɓa shi sam.

Awa 24 bayan cin ƙarshe, a yi allurar eCG, mai sa ƙwai ya girma, a naman wuya bayan kunne, IU (ma'aunin ƙarfin magani) 750 zuwa 1000, ko har 1500 idan ƙwai da yawa ake nema. Wuce haka ba riba ba ce, yawan ƙwan da bai haɗu da maniyyi ba kawai yake ƙaruwa. Bayan awa 72 zuwa 80 sai allurar hCG, mai sa a saki ƙwan, IU 500 zuwa 750. Ƙwai yakan fita awa 40 zuwa 42 daga nan, shi ya sa ake ɗura maniyyi sau biyu, wajen awa 24 da 36 bayan allurar hCG. Gajeren tsinken allura yana zube maganin cikin kitse, aikinsa ya yi rauni.

A kwana na 5 ko na 6 bayan ɗura maniyyi ake kwasa, kafin tayin ya fasa ɓawonsa, wato siririyar fatar da ta lulluɓe shi. Ƙahonnin mahaifar aladiya dogaye ne masu murɗiya, saboda haka likitan dabbobi ne zai yi tiyata ya wanko su. Tayin alade yana da maiƙo sosai, sanyi ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Celsius yana lalata shi, don haka ruwan wankin da kwanon ajiyar su kasance da ɗumi kafin a fara.