Diyyar Aikin Hanya: Wanda Doka Ta Sani da Wanda Ta Bari

Idan aka tashi sake gina babbar hanya ko faɗaɗa ta, irin ta Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano da aka soma a 2018, ba wanda aka rushe wa gini ne kaɗai ke asara ba. Akwai mai shagon da ba a taɓa ba amma ciniki ya mutu saboda an karkatar da motoci, akwai kuma direba da fasinjan da ke wuni a cunkoso. Dokar Najeriya na farkon kawai ta yi wa tanadi.

Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ƙwace kadarar mutum sai an biya shi diyya ba tare da ɓata lokaci ba. Sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mallakar fili saboda maslahar jama'a, amma dole a ba mai filin sanarwa.

Sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa ne ke ba mutane mamaki. Ba farashin fili a kasuwa ake biya ba, domin a idon wannan doka ƙasa amana ce a hannun gwamna. Abin da ka ɗora a kanta ake lissafawa. Idan gini ne, za a ƙiyasta kuɗin sake gina irinsa, a cire na tsufa, a ƙara kuɗin ruwa in an jinkirta biya. Amfanin gona kuwa, ƙimar da jami'in gwamnati ya yanke ake bi. Filin kansa, kuɗin hayar ƙasa na shekarar da aka soke haƙƙin mallakar ne kawai za a ba ka, in ka biya. Wanda bai gamsu da adadin ba, sashe na 30 ya tura shi gaban kwamitin rabon filaye na jiharsa. Ginin da ya shiga harabar hanyar tarayya, wato mita 45.72 daga tsakiyarta ta kowane gefe, samun diyyarsa na da wuya ƙwarai.

To ina mai shayi, mai faci da mai sayar da abinci a bakin tasha? Babu inda aka ambaci cinikin da suka rasa, balle man da direba ya ƙona. A ganina wannan giɓi ne babba, domin su ne ba su da jarin jure wata shida babu kasuwa.

Inda ake samun sauƙi shi ne ayyukan da Bankin Duniya ke ba da rance. Ƙa'idarsa ta tilasta a tallafa wa wanda aikin ya taɓa hanyar abincinsa, ko da ba shi da takardar fili. Saboda haka da an fara shafa jan fenti a unguwarku, ku binciki mai ɗaukar nauyin aikin, ku ɗauki hoton gini da kaya, kuma ku tsaya da kanku ranar ƙidayar waɗanda aikin ya shafa har a rubuta sunanku.