Aikin alheri a koyarwar Kirista

Aikin alheri, ko taimakon maƙwabci, koyarwa ce da ke cewa duk wanda ya ce yana bin Yesu Almasihu to dole a ga hakan a zamansa da mutane na yau da kullum, wato ya ciyar da mai yunwa, ya duba mara lafiya, ya karɓi baƙo, ya yafe wa wanda ya ɓata masa. Katolika da Otodoks da Furotesta duk bakinsu ɗaya a kan wannan, inda aka daɗe ana ja-in-ja kawai shine matsayin aikin wajen samun ceto.

Asalinta

Maganar ta faro ne tun daga Tsohon Alkawari. A Littafin Firistoci 19:18 aka ce mutum ya ƙaunaci maƙwabcinsa kamar kansa, kuma a wannan surar dai, aya ta 9 da 10, aka hana manomi ya girbe gonarsa har gefe ko ya koma yin kala, an ce ya bar wa talaka da baƙo. Da irin wannan kalar ce Rut ta riƙe kanta da surukarta Na'omi a gonar Bo'aza.

Amma inda abin ya fi fitowa fili shine misalin Basamariye a Luka 10:25-37. Wani masanin Attaura ne ya tambayi Yesu wai wane ne maƙwabcin nasa, sai Yesu ya ba shi labarin mutumin da 'yan fashi suka tare a hanyar Urushalima zuwa Yariko, hanya ce mai gangara cikin duwatsu kusan kilomita 27, suka tuɓe shi suka yi masa dukan kawo wuƙa suka bar shi rai a hannun Allah. Firist ya zo ya gan shi ya ratse, Balawe, wato mai hidima a Haikali, shi ma haka. Wanda ya tsaya Basamariye ne, alhali Samariyawa da Yahudawa ba sa ga maciji da juna. Ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan ya ɗaure, ya ɗora shi a kan dabbarsa ya kai shi masauki ya kwana yana jinyarsa, washegari ya ciro dinari biyu ya ba mai masaukin ya ce duk abin da ya ƙaru a kai zai biya in ya dawo. Dinari ɗaya fa ladan lebura ne na yini guda (Matiyu 20:2), kaga kenan ba tausayin baki ya yi ba, aljihunsa da lokacinsa duk sun taɓu. A ƙarshe Yesu ya juya tambayar, ya ce a cikin ukun nan wa ya zama maƙwabci ga wanda aka yi wa fashin.

Matiyu 25:31-46 kuma ya ambaci mai yunwa, mai ƙishi, baƙo, mara tufa, mara lafiya da ɗan kurkuku, Yesu ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta a cikinsu shi aka yi wa. Waɗanda aka yaba a ranar shari'a don sun taimaki irin waɗannan mutane ma mamaki suka yi, don ba su san cewa shi suke yi wa ba. Ko ƙoƙon ruwan sanyi an ce ladansa ba zai ɓata ba (Matiyu 10:42).

Yadda ake son a yi shi

A nan ne koyarwar ke da nauyi gaskiya, don ba kowace kyauta ce ta cika sharaɗi ba. An ce a yi a ɓoye har hannun hagu kar ya san abin da dama ke yi (Matiyu 6:3), an ce in za ka yi biki ka kira matalauta da guragu da makafi waɗanda ba za su iya rama maka ba (Luka 14:13-14). Yakubu 2:15-16 ya yi tir da wanda zai ga ɗan'uwa ba abinci ba sutura ya sallame shi da fatan alheri kawai. Yawan kuɗi ma ba shi ne ma'auni ba, shi ya sa Yesu ya fifita wata gwauruwa, wato matar da mijinta ya rasu, da ta saka 'yan ƙananan tsabobi biyu a baitulmalin Haikali a kan masu arziki (Markus 12:41-44).

Misalin da ya fi kusa da rayuwar talaka shine na Tabita, wadda ake kira Dokas, a garin Yafa (Ayyukan Manzanni 9:36-42). Ba a rubuta wa'azinta ko ɗaya ba, ɗinki take yi. Da ta rasu manzo Bitrus ya hau bene inda aka kwantar da ita, sai ga gwauraye sun kewaye shi suna kuka suna nuna masa rigunan da ta ɗinka tun tana tare da su.

A tarihin ikilisiya

Tun farko aka tsara abin, an zaɓi mutum bakwai ciki har da Istifanas su kula da rabon abincin gwauraye (Ayyukan Manzanni 6). Wajen shekara ta 251 bishop ɗin Roma Karniliyus ya rubuta cewa cocin na ɗauke da gwauraye da mabukata sama da 1,500. A 362 sarkin Rum Juliyan, wanda ya bar addinin Kirista, ya yi ƙorafi a wata wasiƙa cewa Kiristoci na ciyar da talakawansu har da na waɗanda ba Kirista ba. Basil, wanda ya zama bishop ɗin Kaisariya, ya raba abinci a yunwar wajen 369, daga baya ya gina gidan jinya da masaukin matalauta a wajen gari. Can daga baya an kafa ƙungiyar Vincent de Paul mai taimakon matalauta a Paris a 1833, William Booth kuma ya fara aikin da ya zama Salvation Army, ƙungiyar wa'azi da taimakon matalauta, a Landan a 1865.

Alheri da ceto

Afisawa 2:8-10 ta ce ceto kyautar Allah ce ta wurin bangaskiya ba ta ayyuka ba, amma nan take ta ƙara da cewa an halicci masu bi ne domin ayyuka nagari, Yakubu 2:17 kuma ya ce bangaskiyar da ba aiki matacciya ce. Martin Luther da Furotesta suka tsaya a kan cewa aikin alheri 'ya'yan bangaskiya ne ba kuɗin sayen ceto ba, majalisar Trent ta Katolika kuma a 1547 ta ce ayyukan da mai bi ya yi da taimakon alherin Allah suna da lada. Sai a ranar 31 ga Oktoba 1999 a Augsburg ta Jamus cocin Katolika da tarayyar Lutheran ta duniya, wato cocin mabiya Luther, suka sa hannu a kan sanarwa ɗaya, cewa da alherin Allah kaɗai ake samun karɓuwa, Ruhu Mai Tsarki kuma shi ke sabunta zuciya ya kira mutum ga ayyuka nagari.